Rabin Katakon Dogo

A ƙarshen layin da ya bi ta bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani shagon kafinta mai rufin kwano, wanda ya girmi ƙasar kanta. Ba zuguiguitawa nake yi ba. Ranar da aka ɗaga tutar 'yanci shagon ya riga ya kwana biyu, kwanonsa ya yi tsatsa, ƙofarsa tana kuka in an tura ta. Mai shagon kowa Kafinta yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da fensir maƙale a bayan kunne ko da masallaci za shi. Ba shi da yawan magana, amma in ya yi ta sai ta zauna daram kamar ƙusa a busasshen ice. Kuma mutum ne mai riƙo, wannan ko masoyinsa ba zai musa ba. In ka yi masa alheri ba ya mantawa, in ka taka shi ma haka.

A littattafan 'yan makaranta an rubuta cewa Uban Ƙasa ya fara gwagwarmaya ne a wani ɗan ɗaki cikin unguwar talakawa. To, ɗakin nan na bayan shagon Kafinta ne, inda yake tara guntayen katako. A lokacin Uban Ƙasa ba uban kowa ba ne. Siririn malamin firamare ne mai riga biyu da tarin da ba ya jin magani, wanda 'yan mulkin mallaka suka kora daga aiki don bakinsa ya ƙi shiru. Kafinta ya tsince shi a masallaci zaune a kan akwatinsa. Ya kawo shi gida, ya kwashe guntayen nan, ya haɗa masa gado da tebur.

"Malam, ga wuri," in ji shi. "Sharaɗi ɗaya ne, kada ka taɓa mini zarto."

"Ni da ko fensir ban iya feƙewa ba?"

"Ai shi ya sa."

A kan teburin nan aka rubuta duk abin da ya hana 'yan mulkin mallaka barci. Mutane suna shigowa ta cikin shago kamar masu neman a gyara musu kujera, su zarce ɗakin baya. Matar Kafinta ita ke dafa musu abinci, tana yi tana mita, wai ta auri mutum ɗaya ta tashi tana ciyar da rabin gari. Amma ranar da Malam bai ci ba, ita ce za ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, 'yancin nan da ciki wayam za ka karɓe shi?"

A cikin wannan zama aka haifa wa Kafinta ɗan fari. Don murna sai ya miƙa wa Malam jaririn ya ce shi ya yi masa kiran salla a kunne, muryarsa ta fi daɗi. Yaron ya taso da tsawo kamar an ja shi, har ubansa yana cewa bai san inda ya samo shi ba, aka laƙaba masa Dogo, uwarsa ta koma uwar Dogo. A cinyar Malam ya koyi baƙi da wasali. A bakin Malam kuma ya fara jin cewa wanda aka zalunta ya yi shiru ya taya azzalumi aiki. Yaro ne, amma ya haddace ta kamar karatu.

Daga baya an kama Malam, ya sha ɗauri har gashinsa ya fara fari. Kafinta ya kulle ɗakin baya, ya hana kowa zuba ko tsinke a ciki. Aka sako Malam, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa tun daga ƙofar kurkuku, baƙi suka tattara komatsansu suka tafi, Malam ya dafa Alƙur'ani a gaban al'umma ya yi rantsuwar zai riƙe amana. Ya zama shugaban farko na ƙasar da a da ba ta da ko suna ɗaya da kowa ya yarda da shi. A faɗi gaskiya ko da a kan maƙiyi ne, balle wannan. Mutumin ya yi aiki. Ya haɗa kan ƙabilun da ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ya kai makaranta da rijiya ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba, ya sa alƙali ya fi ƙarfin mai kuɗi, kuma bai gina wa kansa ko katanga ba.

Kujerar mulki ma cewa ya yi ba ya son wadda baƙi suka bari, Kafinta zai yi masa. Kafinta ya yi ta da katako tsura, bayanta a miƙe, babu ko ƙyallen auduga. Malam ya zauna, ya muskuta, ya ce, "Kafinta, wannan ai horo ce."

"Don kada ka daɗe a kai ne."

Aka yi dariya har da hawaye. Sai dai jiki da sabo, kuma sabo turken wawa ne ko da mai shi malami ne. Malam ya daɗe.

Dogo ya girma ya shiga aikin jirgin ƙasa, ɓangaren gyaran taragu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan ubansa ya kwaso, ya haɗa da bakin Malam. Aka sa masa rana. Kafinta ya samo wani katako da bai taɓa riƙe irinsa ba, dogon falle ja mai nauyi, ba ƙulli ko ɗaya a jikinsa, ya jingine a kusurwar shago ya ce gadon ango zai yi da shi. "Yaron nan gadon kasuwa ba zai ɗauke shi ba," yake cewa, "ƙafafunsa a waje za su kwana."

Ana cikin shirin biki ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, don an daɗe ana yi musu alkawari ba cikawa. Jirage suka tsaya, hatsi ya yanke a birane, na kusa da Malam suka yi ta hura masa kunne cewa maƙiya ne ke neman wargaza abin da ya gina. Ya ba da umarni a buɗe tasha ko ta halin ƙaƙa. Da hantsi Kafinta yana goge ƙafar wani tebur ya ji ƙarar bindigogi daga bayan katangar tasha. Kafin azahar aka kawo masa Dogo a kan wata ƙofa da aka ɓalle, ƙafafunsa suna lilo a waje. Ba shi kaɗai ba ne, gidaje da yawa a layin nan sun yi kuka a ranar.

Kafinta bai yi kuka ba. Ya shiga shago ya kwantar da jan katakon nan, ya raba shi biyu da zarto. Rabi ya yayyanka gajeru, su aka jera a kan Dogo a kabari kafin a tura ƙasa. Ɗaya rabin ya mayar kusurwa ya jingine.

Ana zaman makoki Malam ya zo. Ya bar motoci da dogarai a bakin layi, ya tako da ƙafa, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma kamar kowa. Da aka shafa addu'a ya matso kusa da Kafinta.

"Kafinta, ni na ba da umarnin. Ba zan ɗora wa kowa ba. Amma wallahi ban san yana ciki ba."

Kafinta ya dube shi ido cikin ido. "Da ɗan wani ne fa?"

Mutumin da ya kayar da 'yan mulkin mallaka da baki ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Ka yafe mini."

"Ba yau ba."

Daga cikin gida aka jiyo muryar uwar Dogo, ba da ihu ba, tana cewa a gaya wa baƙon nan bakin da ya yi wa ɗanta kiran salla shi ya ce a harbe shi, ita ba ta da abin ƙarawa.

Malam bai sauka a shekarar ba, kada a yi masa ƙarya ko ta yabo. Giyar mulki ba ta sakin mutum rana ɗaya. Amma tun daga ranar bai sake zama daidai a kujerar nan ba. Da zaɓe ya zagayo, ana ta roƙonsa ya zarce, ya ce ya isa. Ya miƙa mulki da hannunsa, abin da maƙwabtan ƙasashe suka yi ta mamaki. Wanda ya gaje shi kuwa aikin farko da ya yi shi ne sa wa kujerar katifa. Malam ya koma wani ƙaramin gida, ya bi gidajen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yafe, wasu suka rufe masa ƙofa, bai yi fushi da kowa ba.

Shagon Kafinta kuwa ya mayar da shi wurin zuwa. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ga shi da sandarsa. Ya yi sallama, Kafinta ya amsa, don sallama haƙƙin Musulmi ce. Ya zauna a bencin bakin ƙofa. Da farko mutane suna taruwa kallon Uban Ƙasa a shagon kafinta, har suka gaji suka daina. Wata rana Kafinta ya gaji da ganin hannun Malam a banza, ya jefa masa guntun samfefa, takardar gugar katako, da ƙafar kujera.

"Zarto dai har yanzu a'a," ya ce.

Haka suka tsufa, ɗaya yana yanka ɗaya yana gogewa. Sukan taɓa hira kan tsadar ƙusa, da ciwon gwiwa, da yaran yanzu da ba su iya gaisuwa ba. Ba sa ambaton Dogo. Amma jan katakon yana tsaye a kusurwa yana kallonsu, kuma Malam bai taɓa zama ya ba shi baya ba. In la'asar ta yi ya tashi tafiya, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yau fa, Kafinta?" Kafinta ya ce, "Ba yau ba." Malam ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya dogara sandarsa.

Uwar Dogo ba ta sake yarda sun haɗa ido ba. Ranar Juma'a takan aiko da shayi shago, kofi ɗaya tak, don a san inda ta tsaya. Kafinta ya ɗauko wani tsohon kofi da yake zuba ƙananan ƙusoshi, ya zazzage, ya ɗauraye, ya raba shayin biyu. Ta sani sarai, ba ta hana ba, ba ta kuma ƙara kofi ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kama hannun mijinta ta ce, "Kafinta, na san zuciyarka, ta fi bakinka laushi. In za ka yafe, ka yafe naka. Kada ka yafe da yawuna." Ya yi mata alkawari. Malam yana sahun baya a jana'izarta, ya rufe fuska da hannun riga.

Ba wanda bai yi wa Kafinta magana ba. Liman ya karanta masa ladan mai yafiya har ya gaji. Autarsa, wadda ta zama nas a babban asibiti, takan ce, "Baba, mutumin nan ya tsufa, kai ma ka tsufa. Me kake jira?" Amsar kuwa tana da nauyin faɗa. Gaskiyar ita ce yana son Malam, son da ya fara tun ranar da ya gan shi a kan akwati, kuma yana jin zafinsa kamar jiya aka kawo Dogo. Biyun suna zaune a ƙirji ɗaya ba wanda ya kori wani. Ban da haka yana jin tsoro. Gani yake ƙin yafewar nan ita ce abu na ƙarshe da yake yi wa ɗansa. Ƙasa duk ta yafe, an sa hoton Malam a kowane aji, ba ajin da ya san Dogo. In shi ma ya ce ya wuce, to wa ya rage da zai ce an yi ba daidai ba?

Wata Juma'a Malam ya zo a mota, abin da bai saba ba, direba yana riƙe da shi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Samfefa ma ta gagare shi riƙewa.

"Gwamnati tana so ta gina mini ƙubba a kan kabarina," ya ce. "Na ce ban yarda ba. A kai ni maƙabartar bayan tasha, cikin mutane. Kafinta, alfarma nake nema. Kai nake so ka yanka itacen da za a jera a kaina."

"Ba na awon mai rai."

"Ai ka san tsawona. Kai ka yi mini gado."

Kafinta ya ci gaba da buga ƙusar da ta riga ta shige. Da Malam zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe yana mayar da numfashi. "Yau fa?"

Maganar ta zo wa Kafinta har maƙogwaro. Ya dubi kusurwa, ya haɗiye ta. "Ba yau ba."

"To, Allah ya kai mu," in ji Malam. Amma a wannan karon bai faɗe ta kamar mai sa rai ba.

Juma'ar da ta biyo benci ya wuni ba kowa. Kafinta ya ɗauraye kofin ƙusoshi bisa sabo, ya tsaya da shi a hannu. Ya yi ta leƙa layi yana cewa hasken shago ne ya yi masa kaɗan. Washegari da safe sai ga Auta da kayan aikinta, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, Malam yana wurinmu. Ya daina cin abinci, likitoci sun ce sai addu'a. Manya suna ta shiga suna fita, shi kuwa da ya buɗe ido sai ya ce yau wace rana ce, kada Kafinta ya ga bai zo ba." Ta share ido. "Ni ba zan ce ka yi ko kada ka yi ba. Amma in kana da 'gobe' a ajiye, ta ƙare."

Kafinta ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa ya bi ta. Masu gadi suka tare shi a ƙofar ɗakin, ganin tsoho da silifa da fensir a kunne. Auta ta ce mahaifinta ne, kuma shi mara lafiyan yake kira. Manyan da ke ciki suka ja gefe. Malam yana kwance, ya koma ɗan mitsitsi a cikin farin zanen gado, kamar siririn malamin nan na kan akwati. Ya buɗe ido, leɓɓansa suka motsa. Ba murya, amma Kafinta ya san tambayar.

Ya ja kujera ya zauna, ya kama hannunsa.

"Malam, ka ji ni da kyau, don ba zan yi maka ƙarya a wannan wuri ba. Abin da ka yi ba daidai ba ne, ko a kan ɗana ko a kan ɗan wani. Ban canja ba a kan wannan." Ya ƙara riƙe hannun. "Amma nawa, na uba, na yafe maka duniya da lahira. Na uwarsa ba ni da iko da shi, ta tafi da abinta. Na Dogo kuwa nasa ne. Can za ka same su, ka roƙe su da kanka."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Malam ya shige kunnensa. Ya matse hannun Kafinta da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Na sani," ya ce a hankali. "Ka rage mini kaya. Allah ya rage maka."

"Ni ma ka yafe mini jan ran da na yi maka."

"Da ka yafe tun farko," in ji Malam, wani guntun murmushi ya taɓa bakinsa, "da wa zai koya mini gugar katako?"

Kafin la'asar rediyo ya katse shirye-shirye ya sa karatun Alƙur'ani. Gari ya yi tsit, kasuwa ta watse, har jirage suka tsaya a tasha. Kafinta yana shago lokacin. Ya tashi ya je kusurwa, ya rungumo jan katakon, da ƙyar ya kwantar da shi, don ƙarfin da ya jingine shi da shi ya tafi. Ya share ƙurar shekaru da tafin hannu, jan ya fito kamar jiya aka fere shi. Ya zaro fensir daga kunne ya ja layi.

Auta ta shigo ta gan shi, ta dafe ƙirji. "Baba! Na Yaya Dogo ne fa."

"Na sani. Rabinsa yana kansa." Ya ɗora zarto a kan layin. "Katako ɗaya zai rufe su. In an tashe su sai su yi maganarsu, ni na fita."

Ya fara yanka. Auta ta danne masa ɗaya gefen. Da ya gama ya ɗaure gajerun da igiya, ya ɗaga kai ya dubi kusurwa. Ba komai a wurin sai doguwar shaida a bango, inda fenti bai dushe ba, ta fi shi tsawo nesa. Ya zauna a bencin Malam, ya kira sunan ɗansa da ƙarfi, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da aka kawo shi a kan ƙofa. Auta ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ɗauki ɗaurin katakon ta ce, "Tashi, Baba, kada a kai shi ba mu iso ba."